Awa Biyu A Cikin Hazo: Me Ya Sa Kallon Farko Ke Yaudara A Wasannin Tsoro Masu Labari

A wani gidan gem da ke Nima, cikin birnin Akra, talabijin huɗu ne jere a jikin bango. Uku suna nuna ƙwallo kamar kullum, ana ihu ana tsokanar wanda aka ci. A ta huɗun kuwa wani mutum ne sanye da koriyar riga yana gangarawa ta wata siririyar hanya a daji, hazo ya rufe gabansa da bayansa. Ya ɗauki mintuna yana tafiya. Ba a yi harbi ba, ba abin da ya biyo shi.

"Yaya, gem ɗin nan ya lalace ne?" in ji wani yaro da ke tsaye a bayan benci.

"Yi shiru ka kalla," in ji saurayin da ke wasan.

"Ai mun kalla. Tafiya kawai yake yi. Don Allah sa mana bal."

Wasan shi ne Silent Hill 2, sabon zubin da ya fito ranar 8 ga Oktoba, 2024. Kamfanin Konami na Japan ne mai shi, wani kamfanin ƙasar Polan mai suna Bloober Team ya sake gina shi daga na asali da aka yi a 2001. Kwanaki kaɗan da fitowarsa Konami ya sanar cewa an sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya, masu sharhin wasanni kuma suka yi ta yabo. Amma a tsakanin waɗanda suka taɓa shi a zangonnin Akra, bakin bai zo ɗaya ba. Wani ya yi rabin awa ya ce ba komai a ciki sai yawo. Wani ya kai ƙarshe ya ce ya kwana biyu abin na masa yawo a kai. Uwa kuma ta leƙa ɗakin ɗanta, ta ga mutum yana tafiya a hazo, ta ce ai wannan ya fi na damben da ake fille kai, ta koma harkarta, alhali a jikin kwalin an rubuta 18 cikin jan akwati.

Kowannensu abin da ya gani ya faɗa. Sai dai irin wannan wasa an gina shi ne ta yadda farkonsa ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Wane irin wasa ake nufi

Idan aka ce wasan tsoro, ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda dabararsa kawai firgita ta ba-zata: ana shiru, sai wata mummunar fuska ta faɗo a allo da ƙara. Akwai na neman tsira, inda ake ba ka harsashi ƙididdigagge da magani ɗan kaɗan, ka riƙa lissafin ko ka tsaya ka yi faɗa ko ka ari ta kare. Akwai kuma wanda a zuci yake aiki, ba ya gaggawar nuna maka dodo, yana barin ka ne da zargin cewa wani abu ba daidai yake ba, tun daga garin har shi jarumin da kake riƙe da shi. Yawancin wasanni sukan haɗa waɗannan, amma kowane yana da wanda ya fi jingina da shi.

"Mai labari" kuwa yana nufin wasan mutum ɗaya mai farko da ƙarshe. Ba a cin wani, ba a tara maki. A Silent Hill 2, jarumin James Sunderland ya sami wasiƙa daga matarsa Mary tana cewa tana jiransa a garin Silent Hill, alhali a saninsa ta rasu shekara uku da suka wuce bayan doguwar jinya. Wannan tambaya ce ke jan mai wasa. Amsar kuma a warwatse take: cikin takardun da ake tsinta, rubutun jikin bango, da maganganun mutanen da ake gamuwa da su. Ƙarshen ma ba ɗaya ba ne. Wasan yana lura da halin mai wasa a ɓoye, kamar yadda yake kula da lafiyar jarumin da irin kayan da yake yawan dubawa, daga nan ya zaɓa masa yadda labarin zai ƙare.

Sai "kallon farko", wato ra'ayin wanda ya yi awa ɗaya ko biyu, ko ya ga tallar wasan, ko ya kalli gutsure a waya. Ya bambanta da cikakken sharhi na wanda ya kai ƙarshe. A wasan ƙwallo bambancin ba shi da yawa, minti goma sun isa ka san yadda ake fasin da yadda ake buga raga. A wasan da ke cin awa goma sha biyar zuwa ashirin kafin ya buɗe sirrinsa, bambancin shi ne komai.

Daga ina salon ya fito

A 1992 wani kamfanin Faransa ya fitar da Alone in the Dark, mutum ɗaya a cikin tsohon gida mai cike da halittu. A 1996 Capcom na Japan ya kawo Resident Evil, wanda ya yaɗa salon neman tsira a duniya. Silent Hill na farko ya biyo baya a 1999, kuma hazon da ya zama tambarinsa yana da nasaba da gazawar na'ura: PlayStation ta lokacin ba ta iya zana abin da ke nesa da kyau, sai masu ƙirar suka lulluɓe nesan da hazo da duhu. Abin da aka yi don rufa asiri shi ya zama tushen fargabar.

Canjin da ya fi shafar mai kallo a Nima ya zo ne daga baya. A 2010 wani ƙaramin kamfanin Suwidin, Frictional Games, ya fitar da Amnesia: The Dark Descent, inda ba ka da makami ko ɗaya, sai gudu da ɓuya. Outlast na Kanada ya bi sahu a 2013. Waɗannan sun dace da tashen YouTube, inda masu wasa ke ɗaukar fuskarsu suna kururuwa. Daga nan jama'a da dama suka fara sanin wasan tsoro ta bidiyon wani, ba ta hannunsu ba. Yau abin ya ƙara gajarta: daƙiƙa talatin a TikTok, an yanko daidai inda dodo ya faɗo. Wanda ya saba da wannan, in ya zauna gaban ainihin wasan ya ga ana tafiya ana buɗe durowa ana karanta takarda, dole ya ga kamar an cuce shi.

Me ya sa farkon ke jan ƙafa

Mai tatsuniya ba ya fito da Dodo daga "ga ta nan ga ta nanku". Sai an ji yarinyar da aka hana zuwa rafi, an ji ta saci jiki ta tafi, an ji rana ta yi sanyi kuma hanya ta ɓace mata. In Dodo ya zo a jimlar farko, yara dariya za su yi. Masu ƙirar wasan tsoro na zuci da wannan lissafin suke aiki.

A Silent Hill 2, doguwar gangaren nan ta farko an yi ta ne don mai wasa ya ji ya yi nisa da mutane, har komawa ta fita daga ransa. Yana isa wata maƙabarta ya tarar da wata mata mai neman mahaifiyarta, maganarta ba ta daidaita. Ya shiga gari, shaguna a rufe, ba kowa. Can sai ya tsinci ƙaramar rediyo da ba ta kama tasha, sai shuuu. Bayan ɗan lokaci zai gane cewa ƙarar tana tashi ne duk sa'ad da wata halitta ta matso. Daga wannan lokacin ba sai an nuna masa komai ba. Rediyon na fara shuuu, hazo ya hana shi ganin ko ta dama ce ko ta hagu, makamin hannunsa kuma katako ne mai ƙusoshi. Tsoron nan koya masa shi aka yi a hankali, kuma wanda ya tashi kafin darasin ya kammala bai ɗanɗana shi ba.

Akwai binciken da ke taimakawa wajen fahimtar dalilin. Masana a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun wallafa wani nazari a 2020, inda suka bibiyi mutum 110 da suka shiga wani gidan tsoratarwa na nishaɗi, da na'urar auna bugun zuciya a jikinsu da kyamarori suna ɗauka. Sun gano cewa jin daɗi ya fi yawa idan tsoron na tsaka-tsaki ne. In ya yi kaɗan a gundura, in ya yi yawa daɗin ya ragu. Mai ƙirar wasa da ke son riƙe mutum awa ashirin ba zai iya fara da ƙololuwa ba, domin ba shi da inda zai hau bayan nan.

Kallon farko ya taɓa yaudarar har waɗanda suka san wasan ciki da bai. A ƙarshen Janairun 2024 aka saki wata tallar sabon zubin da ta cika da harbi da doke-doke. Tsofaffin masoya suka yi ca, suna cewa an lalata musu wasa an mai da shi na faɗa. Shugaban Bloober Team da kansa ya fito ya nuna cewa tallar ba ta wakilci ruhin wasan ba. Da wasan ya fito bayan wata takwas, da yawa daga masu sukar suka sauya magana.

Wannan ba ya nufin awa biyun farko ba su da amfani. A cikinsu ake sanin ko kwamfutar mutum za ta iya ɗaukar wasan, kuma masu kwamfuta da dama sun koka da cijewar hoto a farkon fitowarsa. A cikinsu ake sanin ko sarrafa jarumin ya kwanta wa hannu, ko duhun yana sa ciwon kai. Haka nan ba duk wanda ya kai ƙarshe ne ya yaba ba. Na 2001 akan gama shi cikin awa takwas zuwa goma, sabon ya kusa ninka haka, kuma wasu da suka yi duka biyun suna ganin an ja tsakiyar fiye da kima, faɗan ma ya yi yawa har ya rage fargabar. Abin da kallon farko ba ya iya faɗa shi ne nauyin labarin da inda ya dosa.

Wurin zama ma yana yanke nasa hukuncin

An tsara wasan ne don mutum ɗaya a ɗaki mai duhu, abin sauraro a kunne. Kiɗa da ƙararrakin da Akira Yamaoka ya haɗa, takun da ake ji daga bene na sama, numfashin bayan ƙofa, su ne rabin aikin. A gidan gem kuwa ƙofa a buɗe take, fanka na kaɗawa, talabijin na kusa na ihun an ci, mai sayar da waake na kiran ciniki a waje, wani lokaci ga janareta saboda dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Ga kuma 'yan kallo shida kowa na ba da umarni. Tsoro ba ya zama a irin wannan wuri. Yaron da ya ce gem ɗin ya lalace bai yi ƙarya ba game da abin da ya isa kunnensa.

Sai harshe. Babu Hausa a wasan, babu yaren Tuwi na Gana. Turancin ciki ma ba na gaisuwa ba ne: akwai kacici-kacici da aka rubuta da salon waƙa, wanda sai an warware shi ƙofa za ta buɗe. Wanda ke tsallake rubutu, kamar yadda aka saba a wasan faɗa, zai maƙale a ɗaki ɗaya ya ce wasan ba shi da kai. Wasan ya ba da damar rage wuyar kacici-kacicin daban da wuyar faɗa, amma ba kowa ke shiga saitin ba.

Lambar da ke jikin kwali

Faifan da ke shigowa Gana galibi na kasuwar Turai ne ko na Amurka, shi ya sa ake ganin alama iri biyu. Ta Turai ita ce PEGI, wadda ta fara aiki a 2003, da matakai biyar: 3, 7, 12, 16 da 18. Ta Amurka ita ce ESRB, an kafa ta a 1994 bayan majalisar dattawan ƙasar ta yi zama kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat. Ita haruffa take amfani da su, harafin M na nufin daga shekara 17 zuwa sama. Silent Hill 2 ya sami 18 a Turai, M a Amurka.

Abin da ke rikita iyaye shi ne zaton lambar tana auna wuyar wasa, ko yawan dodanni. Ba haka ba ne. A tsarin PEGI hoton gizo-gizo ke nuna ban tsoro, kuma akan sa shi ne a matakan 7, 12 da 16. Abin da ke kai wasa 18 yawanci tsananin tashin hankali ne da makamantansa. A Silent Hill 2, baya ga jini, labarin yana taɓa doguwar jinya da gajiyar mai jinya, cin zarafi a cikin gida, lalata da ƙarfi, da tunanin kashe kai. Sabon zubin yana buɗewa da gargaɗi a kan haka. Mafi nauyin waɗannan suna can bayan awanni masu yawa, inda uwar da ta leƙa sau ɗaya ba za ta gani ba.

Waɗannan lambobi na ƙasashen da suka ƙirƙire su ne, mai sayar da faifai a kasuwar Circle ta Akra ba ya tambayar katin haihuwa. Wasu kan ɗauka Hukumar Gaming Commission ta Gana ce ke sa ido a kan haka saboda sunanta, alhali dokar da ta kafa ta a 2006 a kan caca da wasannin sa'a take. A aikace, shingen da ya rage shi ne mai gidan gem, da iyaye, da saitin kulle na shekaru da ke cikin PlayStation ɗin kanta.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Malaman da ke adawa da irin waɗannan wasanni suna kafa hujja da ɓata lokaci har salla ta wuce, da kiɗa, da surorin da ba su da sutura, da labaran da ke wasa da sha'anin matattu da gaibu ta hanyar da ta saɓa wa aƙida. Wasu malaman kuma suna cewa asalin wasa halas ne, abin da ke cikinsa da abin da ya hana ka yi su ke sauya hukuncin, don haka kowane wasa da nasa. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne batun tsorata wani da gangan. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba, kuma wannan ya shafi yayan da ke zaunar da ƙaninsa ɗan shekara takwas gaban allo don ya yi dariyar kukansa.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka, abin da ya fara aiki a 2022. Ma'aunin kuwa ba irin wasan ba ne. Ana duba ko mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan karatu, aiki da iyali, ya ci gaba duk da cutarwar, yawanci na tsawon wata 12. Da wannan ma'auni, wasan da ke da ƙarshe bai kai wanda ba ya ƙarewa jan mutum ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka kuma ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke ɗora aikata ta'asa a kan wasannin faɗa, duk da ta yarda akwai 'yar alaƙa da zafin rai irin na tsawa da ture-ture. Abin da iyaye suka fi gani da idonsu ya fi wannan sauƙi: yaro ya ƙi kwana shi kaɗai, ya ƙi fita bayan gida da dare.

Su kuwa masu wasan cewa suke tsoro na nishaɗi ba baƙo ba ne a nan. An taso da Dodo da fatalwa da labarin mayu, makwabta Asante suna da Sasabonsam na cikin kurmi, duk wanda ya yi makarantar kwana kuma ya ji labarin matar nan mai takalmi ƙwas-ƙwas da dare. Masu ja da su suna amsawa da cewa tatsuniya kaka ce ke bayarwa, tana kallon fuskar jikanta, ta san inda za ta sassauta. Allo ba ya sassautawa.

Abin da ya shafi aljihu

Farashin wasan a fitowarsa dala 70 ne, ba ƙaramin kuɗi ba in an mai da shi sidi. Saukar da shi kuma na cin kusan gigabait 50 na data. Nan ne kallon farko ke zama maganar kuɗi. A shagon Steam na kwamfuta ana mayar wa mutum kuɗinsa in ya nema cikin kwana 14, muddin bai yi wasan ya kai awa biyu ba. Wato dai an ba shi daidai lokacin da wasan bai gama gabatar da kansa ba, aka ce ya yanke shawara. A shagon PlayStation kuwa da zarar an fara saukarwa damar mayarwa ta wuce, sai in kayan na da matsala. Ga shi Gana ba ta cikin ƙasashen da shagon ke aiki a hukumance, shi ya sa mutane ke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi a hannun 'yan kasuwa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Mai irin wannan asusu ba ya son doguwar magana da kamfani.

Saboda haka faifai ya fi daraja a Akra fiye da yadda yake a wasu wurare. Wasan labari in an gama shi an gama, sai a kai Circle a yi musaya da wani a cika kuɗi, ko a ba aboki aro. Wasu kamfanoni sun fara tsallake faifan: Alan Wake 2 na kamfanin Remedy na ƙasar Finlan ya fito a 2023 ta intanet kawai, sai daga baya aka buga shi a faifai. Duk wasan da ya bi wannan hanya, mai saye a Nima ya rasa damar sayar da shi in bai yi masa ba.

Mai gidan gem shi ma yana da nasa lissafin. Wasan ƙwallo na ɗaukar mutum biyu, a gama cikin mintuna, wasu biyun su zauna. Wasan labari mutum ɗaya ne zai riƙe talabijin da na'ura na awanni, kuma gobe yana son ya tarar da inda ya tsaya ba wanda ya goge masa. Shi ya sa a gidan nan na Nima, da yaran suka matsa, mai shagon ya zare faifan ya mayar da ƙwallo, ya ce wa saurayin: "Ɗan'uwa, ka dawo bayan isha'i in yara sun watse. Ka zo da abin kunnenka, kuma kuɗin awa za ka biya, ba na wasa ba."